Tsarkiya Biyar da Murya Ɗaya: Faifan Malam Maman Barka da Halin da Kiɗanmu na Hannu Yake Ciki

A shekarar 2009 wani kamfanin faifai mai zaman kansa da ke Ingila, World Music Network, ya fitar da kundin waƙoƙi mai suna Introducing Mamane Barka. Mutum biyu ne suka ɗauki nauyin kiɗan: Malam Maman Barka da muryarsa da biram ɗinsa, sai abokin tafiyarsa Umaru Adamu, wanda ake rubuta sunansa Oumarou Adamou, a kan duma da kalangu da ƙwarya. Babu fiyano, babu gangar inji, babu tarin 'yan amshi. Faifan ya shiga Turai, masu sharhin kiɗa sun yi rubutu a kansa, amma a nan shiyyar Daura, inda sunan Maman Barka ba baƙo ba ne, da wuya ka gamu da wanda ya zauna ya ji shi tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. Wannan abu ya daɗe yana damuna. Faifan yana ɗauke da amsar wata tambaya da ta shafi makaɗanmu kai tsaye: me ke sa tarin waƙoƙi ya zama abu guda mai yanayinsa, wanda mutum zai shiga ya fito jikinsa ya sauya? Kuma me ya sa mu da muke da kayan aikin a hannu muka daina yin irinsa?

Dattawan Dutsi da Shargalle da Mashi sun san Maman Barka tun zamanin kaset. Kiɗan Nijar bai taɓa neman biza ba kafin ya shigo mana. Ta Kwangwalam yake biyowa tare da fatake da direbobi, ya sauka kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ko kuma ya zo ta rediyo da dare idan tashar Nijar ta kama. Haifaffen Tesker ne a jihar Damagaram, ɗan Tubawa makiyaya, kuma aikin koyarwa ya fara yi, daga nan ya samo lakabin Malam. Da gurmi ya yi suna, kuma waƙarsa ta Amairam ta shiga gidajen Hausawa a ɓangarori biyu na iyaka. Yakan yi waƙa da Hausa da Tubanci da Barbarci, yana jan hankali kan zaman duniya cikin raha, irin ta malamin da ya san yadda ake riƙe aji. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai a watan Nuwamba na 2018.

Mutumin da ya riga ya yi suna da gurmi, yana cin abincinsa da shi, shi ne ya tattara a 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi gaɓar Tafkin Chadi ya durƙusa gaban wani tsoho mai suna Bukar Tar don ya koyi biram. Biram abin kiɗan Buduma ne, masuntan da ke zaune a tsibiran tafkin. Jikinsa katako ne da aka fafe kamar kwalekwale aka rufe da fata, da wuya mai lanƙwasa, da tsarkiya biyar. Buduma suna girmama shi, ba kowa ke taɓa shi ba. A lokacin ana ɗaukar Bukar Tar a matsayin gwani na ƙarshe da ya rage. Tafkin kansa ya janye ƙwarai daga girman da yake da shi a shekarun 1960, samari sun watse neman abinci, babu mai zaman koyo. Tsohon ya koyar da baƙon nan, ya damƙa masa biram ɗinsa, daga baya ya rasu. A 2008 Maman Barka ya hau dandalin bikin WOMAD a Ingila da wannan biram, shekarar da ta biyo baya faifan ya fito.

To, yaya sautin yake?

Wanda ya saba da gurmi zai sa ran jin amo mai kaifi, mai tsalle, irin wanda ke tsinka hira a dandali. Biram ba haka yake ba. Amonsa mai kauri ne, a ƙasa yake tafiya, kuma kowace tsarkiya idan aka taɓa ta ba ta daɗewa tana ƙara, nan da nan take mutuwa ta bar wa 'yar'uwarta wuri. Saboda tsarkiyar biyar ce, kuma ba a danne ta da yatsa a sauya mata murya yadda ake yi wa gurmi ko jita, abin da makaɗin yake da shi ƙalilan ne. Sai ya ɗauki ɗan gajeren kari ya yi ta juya shi, ya je ya dawo, ya je ya dawo. A minti na farko za ka ce abu ɗaya ake maimaitawa. Ka ƙara haƙuri kaɗan, za ka ji inda ya jinkirta bugu ɗaya, inda ya tsallake wata tsarkiya, inda ya danne amon da tafin hannu. A kan wannan shimfiɗa Umaru Adamu yake zuba nasa aikin, kuma shi ne mai kai-komo a faifan: kalangu yana magana, ƙwarya tana ƙwanƙwasa a sama, duma tana riƙe da ƙasa. Muryar Malam kuma siririya ce, a sama take, tana da ɗan hanci, tana ratsa kaurin biram ɗin ta fito fili. Mataki uku ke nan, ƙasa da tsakiya da sama, kowanne da mazauninsa, babu mai hawa kan wani. Abin da ya fi burge ni shi ne sararin da aka bari a tsakaninsu. Kana jin yatsa yana sauka kan fata. Kana jin inda mawaƙin ya ja numfashi kafin ya ɗauko ɗa na gaba.

Daga wannan sarari yanayin faifan yake fitowa. Ba faifan baƙin ciki ba ne, don akwai wuraren da kiɗan ke zafi har ƙafa ta motsa. Amma ko a cikin zafin akwai wata kewa da ba ta barin sa, kewar mutumin da ke rera waƙoƙin mutanen da ba nasa ba, a kan abin kiɗan da mai shi ya riga mu gidan gaskiya. Mai saurare ko bai san wannan labari ba zai ji nauyin, domin komai na faifan a tattale yake, ba a ɓarnatar da sauti ko ɗaya ba. Kuma yanayin ba ya yankewa. Kayan kiɗan da aka fara da su, da su aka gama, kuma muryar tana nan kusa da kunnenka daga farko har ƙarshe. Faifai mai kyau kamar gidan Bahaushe yake: akwai zaure inda ake yi maka maraba, akwai tsakar gida inda ake hada-hada, akwai ƙuryar ɗaki inda ake faɗin maganar da ba a faɗi a waje. Wanda ya ciro waƙa ɗaya ya tura a waya ya ga ɗaki ɗaya ne, bai san gidan ba.

Wannan hanya ta yin faifai tana da dangi a duniya. A Amurka da Ingila akwai rukunin makaɗa da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, suna kaɗa jita ta katako da goge irin nasu, suna jingina da tsofaffin waƙoƙin karkararsu, kuma masu saurarensu sun fi kula da yanayin faifai gaba ɗaya a kan waƙa guda da za ta yi tashe. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Justin Vernon, mai amfani da sunan Bon Iver, wanda ya keɓe kansa a bukkar farautar mahaifinsa a jihar Wisconsin cikin hunturun ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007, ya ɗauki faifan For Emma, Forever Ago da 'yan na'urori kaɗan, ya fitar da shi da kansa a 2007 kafin wani ƙaramin kamfani ya karɓa. Sanyi da kaɗaicin wurin suna cikin sautin. Mu a Afirka ta Yamma ba mu buƙatar zuwa nesa haka. Ali Farka Toure ya sa an kai masa na'urorin ɗauka har garinsu a bakin Kogin Kwara a Mali, aka yi faifan Niafunke da ya fito a 1999, don ba ya son barin gonarsa. Ƙungiyar Tinariwen ta Buzaye ta kafa tanti a hamadar kudu maso gabashin Aljeriya kusa da Djanet, ta ajiye jitar lantarki ta ɗauki ta katako, ta yi faifan Tassili na 2011, wanda ya ci kyautar Grammy a 2012. Dukansu sun gane cewa wurin da aka ɗauki kiɗa yana shiga cikin kiɗan.

Wanda ya fi kusa da mu, kuma ya fi ba ni abin tunani, shi ne faifan farko na 'yan matan Illighadad. Illighadad ƙauyen Buzaye ne a yankin Abalak cikin jihar Tawa. A can wata yarinya, Fatou Seidi Ghali, ta koya wa kanta jita da ta yayanta, a al'ummar da jita ta zama ta maza. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya je ƙauyen ya ɗauke ta ita da Alamnou Akrouni, faifan ya fito a 2016 da sunan Les Filles de Illighadad. Fuska biyu gare shi. A ta farko jita ce ta katako da murya, a fili aka ɗauka, a hankali ake kaɗawa, muryar ba ta ɗagawa, kamar mai rera wa kanta. Fuska ta biyu kuma tande ce guda ɗaya doguwa, ta taron mata da dare. Duk macen Hausa da ta ga tande za ta gane ta. Turmi ne ake ɗaura wa fatar akuya, a riƙa yayyafa mata ruwa don amon ya yi taushi, a gefe kuma ga ƙwarya a kife cikin ruwa ana bugunta, ga tafi, ga guɗa, jagora na bayarwa ana amsawa. Ƙanwar amada ce, ko yayarta. Wanda ya tsara faifan bai gutsure tanden ya mai da ta minti uku ba, ya bar ta ta yi tsawonta, har mai saurare ya manta da agogo. Rana a fuska ɗaya, dare a ɗaya fuskar, mutum ɗaya sannan taro. Tsarin ke nan, kuma da shi aka ba faifan rai. Daga baya ƙungiyar ta shiga sitidiyo a Turai ta yi Eghass Malan a 2017 da jitar lantarki, ta kuma fitar da At Pioneer Works a 2021, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a Brooklyn. Suna da daɗi, ba musu. Ni dai ga na farkon nake komawa.

Yanzu mu dawo gida. Duk abin da na lissafa a sama, ƙarancin kaya, sarari, murya a kusa, kari ɗaya da ake juyawa har ya ratsa jiki, babu wanda Bahaushe zai koya daga wani. Dr. Adamu Ɗanmaraya Jos da kuntigi ya yi rayuwarsa, gwangwani da fata da tsarkiya ɗaya tal, shi ne jagora shi ne amshi, kuma da wannan ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2015. Haruna Uji na Haɗeja ya sa gurmi ya yi maganar soyayya yadda har yau ba a maye gurbinsa ba. Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka sun nuna abin da kukuma za ta iya. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta riƙe matan Arewa shekara da shekaru. Shi kuwa Dr. Mamman Shata, ɗan Musawa, ka saurari yadda kalangansa suke ja da baya idan zai yi magana, su dawo idan ya sauke. Sanin inda za a yi shiru rabin gwanintarsa ne. An ɗauki da yawa daga cikin waɗannan mutane a faifan garmaho na kamfanin EMI da a Rediyon Kaduna, galibi a zama ɗaya, kowa na ganin ɗan'uwansa. Tun farkon shekarun 1960 wani manazarci mai suna David Ames ya ɗauki makaɗan ƙasar Zazzau, UNESCO ta sa aikin cikin jerin faifanta, kuma a 1971 shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa kaɗai. Harshen da kalmomin kiɗansa suka cika littafi ba matalaucin kiɗa ba ne.

Abin da ya sauya ya faru ne a shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shigo sitidiyoyin Kano tare da finafinan Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa kan wannan sauyi. Fiyanon nan yana ɗauke da sautukan ganga da sarewa da goge a cikinsa, mutum ɗaya zai zauna ya haɗa abin da a da sai an tara mutum takwas, an ciyar da su, an biya su kuɗin mota. Bayan fim ɗin Sangaya ya yi kasuwa, waƙar nanaye ta zama ita ce waƙa a kunnen matasa. Sai kwamfuta ta zo, sai na'urar gyaran murya. Ban ga laifin wanda ya bi wannan hanya ba, sauƙi ne da arha, kuma ta fitar da mawaƙa masu baiwa ta gaske. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker sun iya tsara kalma, Aminu Ala kuwa ya kai waƙar zamani inda malaman jami'a ke nazarinta. Wasunsu suna fitar da albam kusan kowace shekara. Amma ga abin da inji ke yi wa sauti: bugunsa ba ya gaba ba ya baya, daidai yake faɗuwa kullum, alhali ɗan jinkirin nan na hannun ɗan'adam shi ne ke sa kiɗa numfashi. Kuma tun da ƙara sauti ba ya cin ko kwabo, sai a yi ta ƙarawa har babu sauran wurin da kunne zai huta. Muryar ma a goge ta tas, a cire mata duk wata rawa da gargada, alhali a cikin gargadar nan ake gane mai kuka da mai murna. Shi ya sa za ka ji waƙar rabuwa da ta ɗaurin aure da ta kamfen duk launinsu ɗaya.

Akwai kuma batun wa ake yi wa waƙar, wanda a ganina ya fi na inji nauyi. Makaɗin Hausa tun asali yana da ubangida: sarki, ko attajiri, ko masu sana'ar da yake yi wa kiɗa, manoma ko mahauta ko maƙera ko 'yan dambe. Wannan tsari ya haifi Narambaɗa da Ɗanƙwairo, ba abin rainawa ba ne. Yau ubangidan ya zama ɗan siyasa, ko amarya da ango, ko furodusa. Kowannensu waƙa ɗaya yake saye, mai sunansa a ciki, mai zafin da za a yi rawa a yi liƙi. Babu wanda zai biya ka ka zauna wata uku kana tsara waƙoƙi takwas kan damina da ci-rani da kewar gida, masu bin juna a jere. Ko masu asharalle na Katsina, da suka riƙe kalangu da hannu har yau, Allah ya saka musu, a filin biki ake jin su ta lasifika mai ƙara, inda ake kiran sunaye. Faifai irin na Maman Barka sai mawaƙin da ya sami 'yancin yin abin da ransa ke so, ko da na ɗan lokaci ne. Ga kuma tsohon tabon da ke bin masu tsarkiya. An daɗe ana danganta goge da garaya da bori da gidajen da ba a so, ana kallon makaɗi a matsayin maroƙi. Yaron da ke taɓa fiyano ana ce masa mai sitidiyo, wanda ya rungumi gurmi kuwa sai a fara tambayar ko gado ya yi. Iyaye da yawa da za su bar na farko ba za su bar na biyu ba.

Hanyar da waƙa ke isa kunne ita ma ta taimaka wajen wargaza faifai. Ka tsaya wurin mai tura waƙa a kowace kasuwa ta yankin nan. Ga shi zaune bayan tebur da tsohuwar kwamfuta, wayoyin caji sun kewaye shi, ƙaramin janareto na kuka a baya. Saurayi zai miƙo memori ya ce a cika masa, sababbi. Mai turawa ya buɗe jaka ya kwaso ɗari biyu ko uku ya zuba, wa'azi da nanaye da waƙar siyasa da ta Indiya a haɗe, wasu babu ko sunan mai su. Wayar kuma ta riƙa jefo su yadda ta ga dama. A TikTok abin ya ƙara gajarta, daƙiƙa talatin ɗin da za a taka rawa da su ake nema. Kaset, duk da wahalarsa, yana tilasta maka bin tsarin da mai waƙa ya yi, fuska ta ɗaya sannan ta biyu. Wannan tilas ɗin ya tafi, kuma da shi aka tafi da al'adar zama a saurara.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da ƙarfi: Bahaushe magana yake saurare a waƙa, ba amo ba. Gindin waƙa da ɗiyanta, habaici, zambo, kirari, azanci, su ne abincin kunnenmu, kiɗa ɗan rakiya ne. Haka ne, kuma shi ya sa Bature zai iya jin daɗin faifan da bai fahimci kalma ɗaya a cikinsa ba, mu kuwa mu ƙosa. Amma wannan hujja goyon bayana take yi. In magana ce sarauniya, to wane kiɗa ne ya fi yi mata hidima, wanda ya ja gefe ya bar ta ta fito, ko wanda ya danne ta? Dalilin da ya sa har gobe ana haddace Ɗanmaraya shi ne babu abin da ya tsaya tsakanin bakinsa da kunnenka sai tsarkiya ɗaya. Kuma ba gaskiya ba ne cewa amo ba ya taɓa mu. Wanda ya taɓa jin sarewar makiyayi da yamma a bayan gari, ko ya ji tambari da algaita suna tahowa ranar hawan Sallar Gani a Daura tun kafin ya hango doki, ya san jikinsa ya amsa kafin a furta kalma.

Wani abin da ya kamata a faɗa tsakani da Allah shi ne, fayafayan nan da nake yabo baƙi ne suka ɗauke su, kuma baƙi ne suka fi sayen su. Akwai haɗari a nan. Mai saye a Turai yana da hoton da yake so, hamada da raƙumi da rawani, kuma makaɗin da ke neman abinci zai iya fara kaɗa wa wannan hoto maimakon mutanensa. Haka kuma kasuwar ta fi karkata ga jitar Buzaye, shi ya sa Bombino da Mdou Moctar suka yi nisa, makaɗan gurmi da kukuma na Maraɗi da Damagaram da Katsina kuwa ba a san da su ba. Ba na kiran kowa ya yi kiɗa don Bature. Abin ɗauka a wurinsu shi ne tsarin aiki: Sahel Sounds raba riba take yi biyu da makaɗa, kuma a 2020 ta yi wani shiri mai suna Music from Saharan WhatsApp, inda kowane wata wata ƙungiya ke ɗaukar 'yan waƙoƙi da wayar hannu ta aika ta WhatsApp, a sayar a shafin Bandcamp, kuɗin ya koma wa masu kiɗan. Ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas ce ta buɗe shirin. Wayar da suka yi aikin da ita ba ta fi wadda ke aljihun samarinmu ba.

Saboda haka uzurin rashin kayan aiki ya faɗi. Abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne: makaɗi biyu ko uku da suka saba da juna, makirufo mai kyau ko waya mai kyau, da ɗakin ƙasa mai rufin azara, wanda ba ya mayar da amo yadda ɗakin siminti da kwano ke yi. A kashe janareto, a jira dare ya raba ko a yi sammako. A zaɓi waƙoƙi bakwai ko takwas da suke 'yan uwan juna, a yanke wadda za ta buɗe da wadda za ta rufe, a ɗauke su a zaune tare, kuma in murya ta ɗan karye a wurin da ya dace a bar ta. A rubuta sunan kowa da garinsu da ranar da aka ɗauka, a yi yarjejeniya a rubuce kan rabon abin da zai shigo, don kada a maimaita abin da ya sami magabata da yawa, waɗanda waƙarsu ta cika duniya iyalansu ba su ga komai ba.

Ina kira ga samarinmu masu sitidiyo a Daura da Katsina, ku da kuka iya na'ura: ku fita ƙauyukan Dutsi da Mashi da Sandamu da Zango da Baure ku nemi masu gurmi da kukuma da garaya da matan da ke kiɗan ƙwarya, tun suna da ƙarfin kaɗawa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Yusufu Bala Usman ta Daura suna iya ɗaukar nauyin faifai ɗaya a shekara, Gidan Rediyon Jihar Katsina kuma ya ware awa ɗaya a mako ya sa faifai sukutum ba tare da an katse shi da gaisuwa ba. Kai kuma mai karatu, faifan Malam Maman Barka da na 'yan matan Illighadad duk suna intanet. Ka nemi ɗaya, ka sa wayarka inda kira ba zai dame ka ba, ka ji shi a jere yadda masu shi suka tsara, sannan ka tura wa makaɗin garinku shi ma ya ji.